Butar Ban-ruwa Ta Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da tsatsa, maigida mai lambun bayan gida yana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da masu zuwa aro ba sa maidowa, rasuwar butarsa ta ban-ruwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, tsakanin rijiya da fangalin tumatir, tana kan aiki. Gindinta ne ya buɗe gaba ɗaya, ta juye masa abin da ke cikinta a kan takalmi. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da uku.

Marigayiya 'yar ƙarfe ce, ba irin 'yan robar nan na yanzu ba da rana ɗaya ke tsagawa. Mai kunya ce, ba ta zubar da ruwa sai an sunkuyar da ita. A bakinta akwai faifai mai ƙananan huji, shi ya sa ruwanta ke sauka kamar yayyafi, ya jiƙa ƙwayar iri bai ture ta daga makwancinta ba. Maganarta uku ce a duniya. A bakin rijiya ta ce "ɓul-ɓul-ɓul", a kan fangali ta ce "shaaa", in ta ƙare ta ce "ƙwal" ta yi shiru. Akwai mutane a gidan nan da ya kamata su koyi wannan ta ƙarshen.

Ta sha wuya a hannun dangi. Ƙanin maigida, mutumin da bai taɓa shuka ko barkono ɗaya ba amma ya san ranar da kowace gwaiba za ta nuna, ya taɓa mai da ita kujera, ya bar mata lotsawa a kwiɓi har ta mutu da ita. Mijin 'yar maigida kuma ya zo da tiyo mai tsawon igiyar rijiya, ya kira ta tsohuwar yayi a gabanta, ya buɗe ruwa a fangalin karas. Karas ɗin ya tsiro da kyau, amma a bayan shingen maƙwabci.

Ciwon ajalinta tsatsa ce. Sau uku ana kai ta wajen mai walda yana yi mata faci. A na huɗu ya ɗaga ta sama, ya ga rana ta cikin gindinta kamar rariya, ya miƙo ta ba tare da ya kunna wuta ba.

To, gaskiya ɗaya ce, kuma maigida ba ya cikin masu yi wa mamaci ƙarya. Dokar butar ƙarfe ita ce a kife ta bayan aiki, kada ruwa ya kwana a cikinta. Shekara ashirin da uku yana wa'azin wannan doka, ya yi wa mai ɗakinsa faɗa a kai, ya yi wa 'ya'yansa, har baƙo bai tsira ba. Sai ga shi a farkon daminar bana ya je zai kife ta, ya tarar da wani kwaɗo zaune a ciki yana kallonsa kamar mai gida ya ga ɗan haya. Kwaɗon nan shi ke cinye tsutsa da fara a kabeji, bai taɓa neman a gode masa ba, kuma a mako guda yana yin aikin da surukin nan bai yi a shekara ba. Maigida ya ce ai sama na ba da ruwa, buta na hutu. Ya bar ta a tsaye, da ruwa gaɓar yatsa, wata huɗu cur. Mai ɗakinsa tana tuna masa wannan safe da rana da yamma, kamar shan magani, kuma tana da gaskiya. Ya yi alheri, amma da gindin wani ya yi shi. Masu kyauta da abin da ba jikinsu ba su ji, su gyara.

Marigayiya ta bar ƙanwarta fartanya, wadda ƙotarta ke rawa. Da lauje, wanda haƙoransa suka zube. Da baro mai ƙafa ɗaya, wanda ke kuka tun kafin a yi rasuwar. Ta bar kwaɗo, wanda bai nuna alamar nadama ba. Mafi ban tausayi, ta bar marayu: irin tumatir da aka yafa kwana shida da suka wuce, kowanne da ganye biyu kamar kunnen ɓera, ga damina ta ɗauke. Tumatirin gidan na rani gaba ɗaya ke nan. In an kwara masu bokiti sun kwanta, in an nuna masu tiyo sun yi ƙaura, in an bar su kwana biyu sun bi ta. Kada kowa ya kawo shawarar 'yar roba. An leƙa bakinta, hujinta ɗan akuya zai wuce.

Ba za a binne ta ba. Gobe da safe za a kwantar da ita a kan kwiɓinta mai lotsawa a gindin lemo, bakinta na duban kabeji, kwaɗo ya gaje ta, tunda shi ya ci amfanin mutuwarta.

Za a karɓi gaisuwa a bakin fangalin tumatir, safe da yamma, har mako uku, ranar da za a yi dashe. Kowa ya zo da bokiti da tsintsiya mai laushi, ya tsoma ya yarfa a hankali, yadda marigayiya ke yi. Suruki ne zai fara, kuma ya bar tiyonsa a gida. Ƙanin maigida zai yi nasa a tsaye, an kwashe duk abin zama. Jan ruwa daga rijiya na maigida ne shi kaɗai. Mai ɗakinsa ce ta yanke haka, bai ɗaukaka ƙara ba.

Wanda kuma ya zo da kuka kawai, ya matso kusa da fangali ya yi shi, kada hawayen su tafi a banza.