Dattijuwa Ta Tafi da Muryar Mama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda da abin da ya faru ba, Baba Gyara, tsohon direban motar asibiti, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidansa, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin falo, cikinta a buɗe, sukurorinta a tare cikin faranti, bayan jinyar da ta fi ƙarfin mai jinya.

Marigayiya ta shigo gidan tun yara suna makaranta. Ta hannu aka saye ta, kuma ba ta taɓa ɓoye shekarunta ba. In an kunna ta, mutum yakan je ya haɗa shayi ya dawo ya same ta tana miƙa. Takan fara da "fuuu", ta yi ɗan tari, sannan ta ce "ƙit", allo ya haska. Ba ta da sauri, amma ba ta da ƙorafi. A kanta babbar 'yar gidan ta rubuta aikin kammala karatun jinya. A kanta Baba, bayan ya ajiye aiki, ya koyi gyaran famfo da fanka da keken ɗinki daga bidiyon masu koyarwa, har laƙabin ya bi shi. Ta jure ɗaukewar wuta ba sallama. Ta jure shayin da ya zube mata. Ta jure kyakkyawan ƙyallen da ake lulluɓa mata don ado, wanda ya toshe kafofin shan iskarta shekara da shekaru, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Sai dai babban aikinta ya zo ne a ƙarshen rayuwarta. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama, matar Baba, ya bar mata hannun hagu da idanu, ya tafi da maganarta. Shi kuwa Baba tun da can mutum ne mai ɗaukar bidiyo ba dalili. Wayarsa na cika, sai ya juye cikin Dattijuwa ya goge na wayar. Haka muryar Mama ta taru a wuri ɗaya: tana ciniki da mai kayan lambu a bakin ƙofa, tana yi wa jika waƙa, tana faɗa daga kicin a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Kullum da la'asar Baba yakan turo kujerarta gaban allo ya kunna mata. Mama takan kafa wa bakinta na da ido a allon, leɓenta yana bin kalmomin a hankali. Wata rana har rabin sunan jikan ya fito. Likita ya ce a ci gaba, kada a fasa.

Ciwon ajali ya fara da ƙaramar ƙara daga can cikin cikinta: "tik, tik, tik". Babbar 'yar ta zo duba Mama, ta ji, ta tsaya da jaka a kafaɗa. Ta ce ta san wannan ƙarar daga wurin aikinsu, faifan ajiya ne, wato wanda yake riƙe da duk abin da aka adana, yake neman kwantawa. Ta tuna masa sabon faifan da ake jonawa ta waje, wanda ta saya masa tun watannin baya.

"Baba, don Allah ka kwafe su yau, ka kashe ta," in ji ta. "Ba gobe ba."

Ya ce to. Da gaske yake nufi. Amma kwafa tana ɗaukar lokaci, la'asar kuma ta yi, Mama ta riga ta juya kai wajen kusurwa tana jira. Ya ce bari a gama na yau. Gobe ma aka gama na gobe. Ƙarar tana ƙaruwa, yana ƙara sautin lasifika don ta rufe ta.

Ranar da ya kunna allo ya tsaya baƙi, Baba bai kira kowa ba. Mutumin da unguwa take kawo wa fanka da rediyo, ya ga ba girmansa ba ne ya ɗauki kwamfutarsa ya kai wa wani. Ya duba waya, ya sami wani mai fara'a a bidiyo yana rantsuwa cewa in aka sa faifan a leda aka kwantar da shi a firiza, zai farfaɗo. Ya cire, ya sa. Da ya fito da shi yana gumin sanyi, bai jira ya bushe ba ya mayar. Dattijuwa ta ce "tik", ta ce "ƙiiir", ta yi shiru. Sai ya ɗauko mafi ƙanƙantar sukundirebansa ya buɗe murfin faifan, ya ga abu mai sheƙi kamar madubi, ya hure shi da baki, ya goge da gefen rigarsa.

Babbar 'yar ce ta kai shi wurin mai gyara. Mai gyara ya ɗaga faifan a haske, ya nuna musu zoben ƙarzuwa da ya zagaye shi, ya ce cikin nan ko numfashi ba ya so, balle yatsa. Ya fara cewa da tun ranar da ta soma ƙara aka kawo, sai ya dubi fuskar Baba ya bar maganar a nan. A hanyar dawowa 'yar ta kafa wa titi ido. Baba ya so ta ce wani abu.

Da la'asar ta yi, Mama ta ɗaga hannun hagu ta nuna kusurwa. Baba ya durƙusa gaban kujerarta ya gaya mata duka, bai rage firiza ba. Ta daɗe tana kallonsa. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa, babu abin da ya fito. Bai san ko yafiya ce ko faɗa ba. Da faɗan ne, ya fito da sauti, da ya fi kowa murna.

Marigayiya ta bar allo mai cikakkiyar lafiya, da kibod da haruffansa suka goge, da firinta wadda ta daɗe a kwance, da lasifika biyu da ba su da abin faɗa. Ta kuma bar sabon faifan nan a aljihun tebur, cikin kwalinsa, ko ledar ba a yage ba.

Iyali suna roƙon jama'a su ɗauki wasiyyarta. Abin da ba ku da madadinsa, ku ajiye shi wuri biyu. Kada ku lulluɓe na'ura tana aiki. In kun ji ƙarar da ba ku saba ji ba, ku kashe, ku kai wa masu aikin. Firiza ta nama ce.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da safe, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta layi. Faifan ba zai bi ta ba, Baba ya ce a bar masa. Za a karɓi gaisuwa a baranda, ban da lokacin la'asar, don a lokacin yana ciki tare da Mama. Masu zuwa kada su kawo komai, kada kuma su kawo labarin wani ƙwararre da suka sani. Abu ɗaya ake roƙo: kowa ya duba tsohuwar wayarsa kafin ya taho. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo a gidan nan, ko da ba Mama ya nufa ba, ko da daga bayan ƙofa aka jiyo ta tana cewa a rage surutu, ya zo da shi.