Lambar Faɗowa Daga Rumbu

Duk wanda zai faɗi a ƙasar Kafanchan, ina ba shi shawara ya nemi Oga Silvanus tukuna, ya ji irin faɗuwar da ilimi ya yarda da ita. Shi ne shugaban ɗakin kati a wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe can nake karɓar maganin hawan jini. Kwana uku cur ya yi a wata bita a Kaduna. Ya dawo da satifiket, da jaka mai tambari, da wani littafi mai kaurin bulo wanda aka bai wa kowace cuta da kowane rauni lamba a ciki. Tun ranar ya daina amsa sunan "mai kati". Ma'aikata suka laƙa masa Farfesan Faɗuwa, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka karramawa ce, in an kira shi har da gyara kwalar riga.

Ko'ina a duniya likita ke fara duba mutum, daga baya a rubuta lamba. Farfesa ya nazarci lamarin, ya gano duniya ce ta yi kuskure. Sai ya kafa doka: katin wanda ya faɗi ba ya fita ta tagarsa sai da lamba. Likita kuma ba ya ganin kowa ba kati.

Ranar wata Alhamis ina kan layi aka kawo Mama Milka daga Madakiya. Tsohuwa ce mai noman citta, ta riƙe hannun dama da na hagu, wuyan hannun ya kumbura suntum. Faston cocinsu ne ya goyo ta a mashin, don ranar Alhamis kaɗai likitan ƙashi ke zuwa daga Jos, ƙarfe biyu kuma ya kama hanya.

Farfesa ya ga jama'a sun taru, ai kuwa sai ya miƙe.

"Ku mutanenmu kun ɗauka faɗuwa abu ɗaya ce," in ji shi. "Akwai ta gado, akwai ta kujera, akwai santsin bayi, kowace da lambarta. Akwai kuma wata, W19, wai faɗuwar da ba a fayyace ba. Wannan lambar ragwaye ce. Ranar da kuka ga W19 da rubutun hannuna, ku kira fasto, na mutu."

Sannan ya juyo kan tsohuwa ya tambaye ta daga ina ta faɗo. Ta ce daga rumbu, ta hau ɗibar acca. Da me ta hau? Da itacen hawa, irin gungumen nan mai gwafa da ake sara wa matakai.

"Mama, tsani ne ko itace?"

"Itace ne, ɗana, amma da shi muke hawa."

"Ƙafarki tana kan itacen ko tana kan rumbun?"

"Ɗaya yana nan, ɗaya yana can."

Nan fa ilimi ya cije. Tsani da lambarsa, bishiya da tata, gini da tasa, ga tsohuwa ta raba ƙafa tsakaninsu ba ta nemi izinin kowa ba. Farfesa ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya sake lasa ya sake buɗewa. Sista Hellen, babbar nas, ta zo tagar har sau uku tana cewa, "Oga, don Allah ka ba ta kati, ka yi lambarka daga baya." Ya ce shi ba ya aikin gaggawa, rahotonsa har Abuja ake karantawa. Ƙarfe biyu ta buga, motar likita ta fita ta ƙofar asibiti muna kallo.

Sista Hellen ta ɗaure hannun da kwali da bandeji. Ta gaya wa fasto gaskiya: in Alhamis mai zuwa ma ta wuce, ƙashin zai haɗe a karkace, kuma hannun ba zai ƙara riƙe fartanya ba. Mama Milka ta dai kalli hannun. Ni kam raina ya ɓaci ranar, har maganin da na zo karɓa bai yi mini aiki ba.

Amma kada a yi wa Farfesa rashin adalci, mutum ne mai bincike. Kwana shida yana fama da rumbu a ransa. Da sassafen Alhamis ya tuna akwai tsohon rumbun marigayi babansa a bayan gida, wanda kaji suka gada. Ya sa kwat, ya sa takalmi sau-ciki mai sheƙi, ya maƙale littafin a hammata, ya hau gungumen da ke jingine da rumbun don ya gani da idonsa inda nauyin mutum yake zama. Ya sa ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Abin da littafin bai faɗa masa ba shi ne gara ta daɗe da cinye cikin gungumen.

Matarsa Doreen ce ta kawo shi asibiti a keke mai ƙafa uku, idon sawu ya juya, kwat duk kashin kaji. Aka ajiye shi a benci, daidai gefen Mama Milka da ta dawo ganin likita. Sista Hellen ta karɓi makulli daga aljihunsa, ta buɗe ɗakin kati, ta zauna a kujerarsa ta leƙo ta taga.

"Sannu Oga. Tsani ne ko itace?"

"Sista, ki rubuta ko me, ki kai ni wurin likita."

"Ni wa? Ban je bita ba, Oga. Doka kuma taka ce." Ta miƙo masa biro da kati biyu. "Hannunka lafiya lau yake. Ka fara da na Mama, ta riga ka zuwa da mako guda."

Farfesa ya dubi littafin, ya dubi ƙafarsa, gumi na tsiyaya. Bai buɗe ko shafi ɗaya ba. Ya rubuta W19 a katin tsohuwa, ya rubuta W19 a nasa, da kyakkyawan rubutun nan nasa da ake karantawa har Abuja.

Likita ya gyara hannun Mama Milka ya sa filasta, ya ce da ƙyar aka ci sa'a. Da ta fito ta tsaya a kan Farfesa, ta leƙa katin da ke cinyarsa, ta tambayi Sista ko wannan ce lambar da ya yi wa'azi a kanta wancan mako. Sista ta ce ita ce.

"Wayyo, sannu ɗana," in ji tsohuwa cikin tausayi. "Fastonmu yana waje da mashin. In kira shi?"