Tauraron da Aka Ɗauka Aikin Duba Bututu

Jama'a, yau da safe takalmina ya riga ni fita daga gida. Ruwa ne ya yi gaba da shi, don bututun da ya fashe a gindin katangata ya mai da ƙofar gidan tafki. Katangar ƙasa ce, ta sha ruwa har ta fara yin ciki, kuma a bayanta gadon tsohuwata yake. Na roƙe ta ta koma wani ɗakin, ta ce ita da ta haife ni a kan gadon nan ba ruwan famfo ne zai tashe ta ba.

Na zura riga na nufi ofishin masu ruwa. Na tarar da wani ranka-ya-daɗe a ƙarƙashin fanka, ya saurare ni da ido ɗaya a buɗe.

"Malam, ai mun wuce zamanin kawo kuka da baki," in ji shi. "Mai Girma Uban Tanadi ya yi mana hayar tauraron ɗan Adam. Daga sama yake hango duk inda ruwa ke zuba. Sai ya gani muke fita."

Na ce, "Yallaɓai, ga ƙafar wandona a jiƙe."

"Wandonka ba hujja ba ce. Akwai rumfa a wurin?"

Na ce akwai ta kwano.

"To ka gani! Kai ka tare masa ido. Je ka cire."

A hanya na yi ta juya kalmar nan a raina. A da, tauraro na kowa ne, ka ɗaga kai ka kalla kyauta. Sai aka ara wa 'yan ƙwallo sunan, aka liƙa wa wasu a kafaɗa, yau kuma ga wanda aka ɗauka aikin famfo. Maƙwabcina malamin makaranta, da yake taya ni kwance rumfar, ya ce wasu ma da muke kira taurari duniyoyi ne irin tamu, ba su da hasken kansu, aikinsu kawai zagaya rana. Na ce irin waɗannan ai na san su, kullum suna cikin ayarin Mai Girma.

Muka kwance rumfa tas, muka koma gefe don kada kawunanmu su ƙara tare masa. Uwargidana ta leƙo ta ce, "Ku ɗaga masa hannu mana, ko baƙo ne bai san layin ba."

Da la'asar katanga ta yi wani nishi. Ba mu ƙara neman izinin kowa ba, ni da malam muka ciccibi gadon da tsohuwa a kai, tana zaginmu tana dukan ƙeyata da mafici. Ko ajiye ta ba mu gama yi ba sai muka ji rim! Wallahi katangar nan ta zube gaba ɗaya.

Ƙura ba ta gama lafawa ba sai ga mota mai jiniya. Farin ciki ya kama ni, na ce a ƙarshe an gan mu. Wani mai hular kwano ya tsallake tafkin a hankali don kada takalminsa ya ɓaci, ya ce tauraro ya hango an zubar da tulin ƙasa a kan hanya ba da izini ba, in kwashe kafin gobe.

Allah ya ƙara wa wannan tauraro lafiyar ido. In kun biyo ta layinmu ku naɗe wando, amma kada ku ce kun ga ruwa, don har yanzu hukuma ba ta gan shi ba.