Rasuwar Auta, Jirgin Malam Hadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido a buɗe, Hajiya Asma'u 'yar Nguru, mai tuwon saman bene, tana sanar da 'yan uwa mazauna Guangzhou, na Najeriya da Nijar da Gana, rasuwar Auta, kan jirgin ƙasan marigayi mijinta Malam Hadi. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, yana jan taragai tsakanin Kano da Maradi.

Ga wanda bai san mamacin ba, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Baƙi ne wuluk, da jan zane a gefe, da 'yar fitila a goshi. Malam Hadi ne ya sayo shi shekarar da ɗansu Abdulgani ya ɗauko su daga gida ya kawo su nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ba jirgi hannu a tashar Nguru, aka kawo shi aka ajiye a bene kamar buhu, ba yare, ba abokin hira. Wata Juma'a yana dawowa daga masallacin Huaisheng ya hango jirgin a tagar wani shago, ya ƙi gaba ya ƙi baya sai da aka naɗe masa shi. Daga ranar tsoho ya koma cin abinci. Shi ya raɗa masa Auta. Da ciwon ajali ya kama Malam, wasiyyarsa ɗaya ce: kada a bar yaron nan yana ta zagaya faranti a falo, a shimfiɗa masa dogo mai tsawo, jama'a su taru su gan shi yana gudu. Hajiya ta ce ta ɗauka. Abin da ta ɗauka kuwa ba ta sauke shi a hanya.

Auta mai haƙuri ne. Bai taɓa cewa a dawo gobe ba. Bai taɓa cewa kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ba. In aka murɗa masa wuta sai ya ce cuku, cuku, cukucukucuku, in ya zo kwana ya ce fiiit, kamar mai neman gafara a wuce. Bai taɓa cin tuwon mutum ya fita ba sallama ba. Bai taɓa aron kayan mutum ya dawo da shi da datti ba. Hajiya ta ce a karanta wannan ta ƙarshen sau biyu.

Da labari ya zo za a yi baje kolin ƙananan jiragen ƙasa a wani zaure a garin nan, Asabar ɗin nan mai zuwa, mutum uku suka ce su za su cika wasiyya: Abdulgani, da Alhaji Maidaji na Maradi mai safarar fitilun sola, da Zakaria na Kumasi mai lodin kwantena. Hajiya ta kwashe buhunan shinkafarta ta ba su ɗakin baya. Tun kafin azumi suke kai. Kuma a faɗi gaskiya, sun yi aiki. Dogon ya tashi daga Huangpu, inda aka jera kwantenonin kwalin ashana, ya shige ramin dutse, ya ɓulla Nguru kamar ba teku a tsakani. Daga nan Kano, da dalar gyaɗa ta ƙwayar riɗi, ƙwaya ƙwaya aka liƙa ta da tsinke. Sai Maradi, da kuka ta waya da soso, da mai shayi a gindinta. Sai Kumasi, da rumfunan kasuwa na gwangwanin madara. Ba iyaka, ba kwastan. Rigima dai an sha, don an taɓa kama Alhaji Maidaji yana auna tashar Kano da carbi, wai ta fi ta Maradi faɗi.

Mai shagon da ya sayar wa Malam jirgin, wanda kowa ke kira Lawban, ya zo duba aiki sau ɗaya. Ya ci tuwo da tsinkaye biyu, ya yaba, sannan ya yi magana a wayarsa, waya ta juya musu: kada a kuskura a zuba ƙasar gaske a gefen dogo. Zuciyar jirgin maganaɗisu ce, ƙasar gaske kuma tana da ɓurɓushin ƙarfe, zai tsotse shi ya mutu. A zuba yashin shago kawai. Su ukun suka ɗaga kai, har da rantsuwa. Hajiya tana bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ba ta kalli wayar ba, fuskokinsu ta kalla.

To, kowa ya sani, wanda ya taso daga gida da niyyar daɗewa ba ya rasa ɗan ƙullin ƙasar garinsu a gindin jaka. In ya sauka baƙon wuri sai ya ɗan jefa a ruwan sha, don kada ruwan garin ya ƙi shi. Wanda ya ce ba shi da ita a nan Guangzhou, ya kawo jakarsa Hajiya ta duba.

Ciwon ya fara da tari. Cuku, cuku, ƙyar. Ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Abdulgani ya ce sanyin na'urar ɗaki ne. Zakaria ya ce wutar China ce ba ta da albarka. Alhaji Maidaji ya ce bakin mutane ne, a rage shigo da baƙi. Ba wanda ya ce a kira Lawban. Hajiya ta riƙe wannan.

Ta kuma riƙe zancen rariyarta. Alhaji Maidaji ya are ta, wai zai tankaɗe garin kunu, mutumin da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ta dawo da farin yashi a bakinta. Zakaria ya are ta, wai garin rogo. Ta dawo da ja. Wata safiya kuma aka neme ta aka rasa, sai ga ta a rataye a ƙusar da ba tata ba, da baƙar ƙasa irin ta bakin kududdufi. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke ɗaukar kayan Hajiya ba tambaya, kuma ita ta haife shi. A makon nan baƙi suka yi ta tauna tsakuwa a tuwo, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta ɗora tukunya a ƙasar nan.

Ranar Talata aka taru gwaji na ƙarshe. Auta ya fito daga ramin dutse da fitilarsa, ya gaida Nguru, ya wuce Kano yana ƙyar, ƙyar, ƙyar. Saura kaɗan ya kai gindin kukar Maradi ya yi wani dogon ziiii, ɗan hayaƙi ya tashi, na gaske, ba na ado ba. Tsit.

Lawban ya buɗe cikinsa a kan farar takarda, ya kakkaɓe. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ta yi tankaɗe tun kafin a haifi waɗannan mutanen. Ta sa ɗan yatsa ta ware abin da ya zubo: ga fari, ga ja, ga baƙi. Aka tambayi Lawban ko akwai sabuwar zuciya irin tasa, ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu, an daina ƙera irinsa.

Hajiya ba ta kama sunan kowa ba. Ta dai lura Alhaji Maidaji ya fi kowa kuka, kuma tun kafin a buɗe cikin ya fara. Ta lura Zakaria ya tuna da wata kwantena ta gaggawa. Ta lura Abdulgani ya sayo mata sabuwar rariya ba ta aike shi ba. Kowannensu ya zaci shi kaɗai ne, wai ɗan yayyafi a tasharsa ba zai yi komai ba, don jirgin Malam ya taka ƙasar garinsu.

Marigayin ya bar taragai marayu, da tashoshi, da fasinjojin roba da har yanzu suna tsaye a dandamali da kayansu, ba wanda ya iya gaya musu. Ya bar wansa Abdulgani. Ya bar tsohuwa da wasiyya a ka.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a yi salla ba, Hajiya ba ta wasa da addini. Wanda kuma ya kawo shawarar a sayo sabon jirgi a shafa masa baƙin fenti, an ji, an kuma gane muryarsa. Ranar Asabar bayan asuba za a ɗauki Auta da dogonsa zuwa zauren baje koli. An ɗaura masa zaren fatsa wanda ido ba ya gani, an zura ta ƙarƙashin tebur, an rufe tebur da zane har ƙasa. Auta zai yi gudu a gaban jama'a daga buɗe ƙofa har rufewa, kamar yadda Malam ya ce. Masu jan zare za su karɓi juna. Hajiya ba ta tilasta wa kowa ba, wanda ya san hannunsa tsaf yake ya tsaya a sama ya gaisa da baƙi. Ta dai shimfiɗa tabarma uku a ƙarƙashin tebur. Cukucukun da bakinsu za su yi shi, kuma ta san muryar Auta, ba ta son ha'inci.

In an tashi, za a mai da shi tashar Nguru, a kwantar da shi a gefen dogo. Ƙullin ƙasar da Malam Hadi ya zo da shi yana nan a bakin zanen Hajiya. Ita ma hannunta ya sha kaiwa gare shi a ɗakin bayan nan, ta daure. Yanzu ba abin da ƙasar za ta yi masa. Da ita za a rufe shi.

Zaman makoki a saman bene. Akwai tuwo. Kowa ya zo da jakarsa a buɗe.