Keken da Ya Cinye Saƙon Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da karnukan ruga suka tona mini asiri a gaban surukaina ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina ƙaramin malamin firamare a Bukkuyum, iyayena suna Anka, zuciyata kuma tana wata ruga kusa da Gwashi, wurin wata yarinya mai suna Dije. Magana ta yi nisa, saura mahaifinta ya ce ya ba ni. Shi kuwa Baffa, mahaifin nata, mutum ne mai auna mutane a hankali, ga shi ya tsani ƙarya.

Abin hawana keke ne, kuma ina ji da shi fiye da kima. Sai ya fara wani kuka daga gindi, wurin da ƙarfen feda yake juyawa. In na taka ya ce ƙiiƙ, in na sake takawa feda ta yi lilo. Tun daga nesa 'yan rugar suke sanin malam ya taho. Na ga wannan zubar da girma ne ga mai neman aure, don haka na je kasuwar Gummi na sayo sababbin boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da feda take juyawa a kansu, da kotafin, ƙusar nan da ke riƙe hannun feda. Mai gyara ya ce in kawo ya ɗaura mini, na ce ai ba sai an wahalar da shi ba (gaskiyar magana, so nake a ce ni na gyara da hannuna).

Ranar da zan je gaisuwa na kifa keken da sassafe, na buge kotafin da guduma, na kwance kwanon da boris suke zama a ciki. Tsofaffin suka zubo, duk sun cinye sun yi baƙi. Na wanke komai da kananzir ina ta yaba wa kaina. Sai da na zo jera sababbin na tuna ban sayo giris ba. Ba tare da shi ba boris ba sa zama, ka sa wannan wancan ya gangaro cikin yashi. Na yi ta tsintarsu har raina ya ɓaci.

A nan idona ya faɗa kan wani ƙoƙo a lungun ɗaki. Man shanu ne, curi mai kyau, wanda Innar Dije ta ba ni in kai wa Innata a Anka, ni kuma ban samu zuwa ba. Na ce ɗan lakata kawai zan yi. Wallahi boris suka zauna daram, ƙarfen ya shiga yana juyawa ba ko ƙara. Daɗi ya kama ni, na ƙara cusawa, na shafa wa sarƙa, na bi cibiyar tayoyi (sauran kuma, tunda an riga an taɓa, na yi kalaci da shi).

Na sa farar riga na kama hanya. Bazara ce, rana ta take. Tun a rabin hanya nake jin wani ƙamshi yana bina, na ɗauka daga rugagen gefen hanya yake.

Na jingine keken a jikin bishiya, aka shimfiɗa mini tabarma a gaban Baffa da ƙannensa. Muna cikin gaisawa sai Innar Dije ta yi magana daga bayan zana, ta tambaya ko saƙonta ya isa Anka. Da na yi shiru ma da ya fi. Amma na gyara zama na ce ya isa, Inna tana godiya, har ta ce ba ta taɓa cin mai irinsa ba.

Ban rufe baki ba muka ji keke ya faɗi. Karnukan rugar ne suka yi masa taron dangi, wani yana lasar sarƙa, wani ya tura hanci gindin feda, suna ta gurnani a kan rabo. Man ya narke yana ɗiga, har ya yi layi a ƙasa tun daga inda na shigo. Baffa ya tashi a natse ya kore su, ya dangwala yatsa ya shinshina. Ya je bakin zana ya miƙa wa Innar Dije hannu ta shinshina.

“Nau na,” in ji Innar Dije. “Ni nis san hayaƙin ƙwaryata.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoro kuma ya kama ni sosai, don na tabbata na rasa Dije. Baffa ya dawo ya zauna, ya goge yatsansa a gefen tabarma, ya dube ni.

“Malam, ashe ku can Anka keke kuka ce ma Inna?”

Ƙannensa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ni dai na faɗi gaskiya tun daga boris har kalaci. Baffa ya ce mai ba komai ba ne, shanu suna nan, amma wanda za a ba ɗiya bai kamata a riƙa jin labarinsa daga bakin kare ba. Ya sallame ni ba tare da amsa ba, na tura keken da hannu har na ɓace musu, don kunya ta hana ni hawa.

Sai bayan damina ya aiko aka ce ya ba ni. Ranar da aka kawo amarya, cikin kayanta akwai ƙoƙo biyu na man shanu. Gwaggon Dije ta ajiye su a gaban Innata da jama'ar biki, ta ce babban na Innar Anka ne, ƙaramin na Inna mai taya biyu.

Tun daga nan ba na kwance gindin keke sai na ga giris a hannuna, kuma ba na shirya ƙarya a gidan da ake kiwon kare.