Dodon Koɗin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin da surukina ya aika a kira ni ba. Shekara shida ina auren ƴarsa, bai taɓa neman shawarata a kan komai ba. Alhaji motocin dakon kaya gare shi tsakanin Kotonu da Gaya, ni kuwa malamin kimiyyar halittu ne a kwaleji. Gaskiya bai taɓa wulaƙanta ni ba, amma in ya ce mini "Mushe", kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, akwai yadda yake jan kalmar da ke sa in duba ko da ƙurar alli a rigata. Na daɗe ina jiran ranar da zai ga amfanin karatuna.

Abin da ya faru shi ne, Alhaji ya ga akwatin gilashi na kiwon kifin teku a wani ofis a Kotonu, ya ce shi ma sai ya ajiye irinsa a falonsa. Tsohon direbansa, Malam Isa, shi ya ɗauko komai: akwatin, kifaye biyar masu launi, ruwan teku a jarkoki, da wani dutse mai ramuka da aka tsamo daga gaɓar teku. Bayan kwana goma sai baƙi suka fara fitowa daga ramukan dutsen. Ga ƙananan dodon koɗi suna bin gilashi, ga wata tsutsa mai gashi, ga wani abu kamar fure da ke shigewa rami in an matso. Ba wanda ya saye su, dutsen suka biyo tun daga teku har Gaya. Hankalin Alhaji bai kwanta ba, don jikokinsa na tsoma hannu a ruwan.

Na sa babbar riga (ranar Asabar, da zafin nan na Gaya), na saka littafi a hammata. Na tarar da shi da abokansa uku bayan la'asar, Malam Isa na zaune bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe su.

"Mushe, duba mana waɗannan, ko suna da illa," in ji Alhaji.

Da na ce a ba ni kwana biyu in bincika, da shi ke nan. Amma ni mutumin bakin kogi ne, duk dodon koɗin da na gani cikin ruwa abu ɗaya yake tuna mini: tsargiya. Kowace shekara sai na koyar da darasinta. Na ɗan leƙa gilashin, na girgiza kai irin na likitoci, na ce su ne masu ɗauke da ciwon fitsarin jini. Har na kira sunansu na Latin, sau biyu, don na ga na farko bai shiga kunnen kowa ba. Na ce a fitar da su yanzu, kar a bar ko ɗaya.

Aka kawo ludayi da kwano. Ni da kaina na naɗe hannun riga ina tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ina bayani. Abokan Alhaji na gyaɗa kai. Na saci kallon surukina na ga ya tattara hankalinsa a kaina, wallahi daɗi ya cika ni. Malam Isa ya yi gyaran murya sau ɗaya, ban ko waiwaya ba.

Sai na hango babbansu a gindin dutse. Na tsamo shi, na riƙe da yatsu biyu na ɗaga sama (mutumin da ya gama cewa suna da cuta ke nan), na ce su duba bakin katantanwar da kyau. Suna cikin dubawa sai ƙafafu suka fito. Kafin in gane abin da nake gani, wani ɗan hannu kamar almakashi ya kama babban yatsana. Na saki ƙara, irin wadda bai kamata namiji ya yi a gaban surukinsa ba, na yarfar da shi. Ya faɗi kan darduma, ya tashi da gidansa a baya, ya bi ta gaban baƙi ya shige ƙarƙashin kujerar Alhaji.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya ɗaga ƙafafunsa a hankali, ya ce, "Mushe, a littafin naku, dodon koɗi ƙafa nawa gare shi?"

Malam Isa ne ya durƙusa ya kamo shi. Cikin ladabi, yana kallon ƙasa, ya ce ƙaguwa ce, irin mai shiga katantanwar da mai ita ya mutu, a bakin teku ko'ina ana ganinsu. Sauran kuma, mai sayar da dutsen ya ce masa in sun fito a bar su, su ke cinye gansakukar da ke rufe gilashi. Ya ƙara da cewa shi dai bai yi lakwal ba, bai san boko ba, amma shekara talatin yana zuwa Kotonu bai taɓa jin ruwan gishiri ya sa wa mutum tsargiya ba.

Wannan ita ta fi cizon zafi, domin na sani. Da hannuna nake rubuta wa ɗalibai a allo cewa dodon koɗin tsargiya a ruwa marar gishiri yake rayuwa. Son burgewa ya sa na manta da jarkokin da ke jere a tsakar gida. Na mayar da dodon koɗin cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya da ludayin nan, na yi sallama, na bar littafina a can.

Wata biyu ina kewaye layin gidan. Ran nan Alhaji ya sake aikowa, ba yadda zan yi, na je. Ya nuna mini abin nan mai kama da fure, ya yi girma, ya tambaye ni ko mene ne. Na dube shi na daɗe, na ce, "Baba, ban sani ba. Amma zan bincika."

Ya miƙo mini littafina, ya ce wa Malam Isa a zuba mini shayi. "To yanzu in ka dawo da amsa zan yarda," in ji shi.

Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba" ba ta cizo. A gida kuwa, da na fara dogon bayani, matata sai ta nuna mini babban yatsanta, in yi shiru.