Ina Zan Karɓi Yatsuna Biyu da Rabi?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Auna Basirar Zanen Ƙananan Yara, uban jan biro, mai hatimin da ba a ja da shi. Allah ya ƙara girma, Allah ya ja kwana.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama da shi, da fatan ka tashi lafiya, kai da iyali da ma'aikata da kujerar nan mai juyawa, ina rubuto maka wannan takarda bakina har kunne. Albishir ofishinka ya aiko mini, ba a kuwa karɓar albishir a yi shiru. Shekara goma sha ɗaya ina yawo a duniya ina zaton yatsuna bakwai da rabi ne. Ashe goma ne! Ga shi nan a rubuce, da hatimi da sa hannu. Kai, jahilci bai yi ba.

Bari in gabatar da kaina, don na san ba ka san ni ba. Ni kafinta ne, shagona na tsakanin na mai walda da na mai gyaran fanka. Tun kafin in yi aure injin tsaga katako ya karɓi rabonsa a hannuna na hagu: ya ɗauke ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa, ya gutsire rabin na tsakiya, ya bar mini babban yatsa da manuni don in riƙa riƙe ƙusa. Tun daga ranar kowa Bakwai-da-Rabi yake ce mini, har surukata in ta ɗauka ba na ji.

Ina da 'ya mai shekara shida, tana aji ɗaya. 'Yar Fensir muke ce mata, domin tun tana rarrafe take zare mini fensir daga bayan kunne. Ba abin da ya tsira daga hannunta: guntayen katako, kwalin ƙusa, bangon ɗakin girki, bayan rigar wanta. A ƙarshen zangon nan ofishinka ya aiko da jarrabawa, aka ce kowane yaro ya zana mahaifinsa a wurin aiki. Ta zana ni. Takarda ta dawo da maki huɗu cikin goma, an kewaye hannuna na hagu da jan biro, an rubuta cewa yarinya ba ta san ƙirar jikin mutum ba tukuna, a sake gwada ta.

Buƙatata ɗaya ce, ranka ya daɗe: a soke wannan jan biron, domin yarinyar ta fara shakkar idonta. Sauran abin da zan faɗa 'yan koke-koke ne na masoyi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na ɗaya. Ina zan je in karɓi ragowar? Wace taga ce, kuma wace rana ake rabo? In zo da hoto ɗan fasfo ne, ko hannun kawai ya isa shaida? Ina roƙon alfarma a duba mini masu kauri, kada a ba ni irin na akawu, ba za su kwana biyu a gaban guduma ba. Shi kuma rabin, ciko za a yi masa ko sabo za a sa gaba ɗaya? Ka gafarce ni da gaggawa, gida ne ya ɗau zafi. Maiɗakina tun da ta karanta takardarku ta ce uzurina ya ƙare, daga yau ni zan riƙa matse bargo in an yi wanki, tunda hukuma ta tabbatar lafiyata lau. Mai walda kuma kullum da safe sai ya miƙo hannun hagu wai mu gaisa da sababbin baƙi. Ni dai amsata ɗaya ce, irin ta karen da aka ce ana biki a gidansu: mu gani a ƙas.

Na biyu. Na je makaranta na tambayi malamar ajin yadda ake ba da makin. Baiwar Allah ce mai haƙuri, yara arba'in a gabanta amma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ita ke bayarwa ba. Sufetonku ne ke zuwa da wata leda mai tauri wadda ake hango abu ta cikinta, an zana mutum a jiki. Sai ya ɗora ta a kan zanen yaro, abin da ya dace da mutumin leda ya sami maki, abin da ya saɓa ya sha jan biro. Ta ce zane arba'in ya duba kafin shayinsa ya huce. Masha Allah! Ni teburi ɗaya sai in wuni ina zagaya shi.

Ta nuna mini mutumin. Ranka ya daɗe, wane ne wannan bawan Allah? Ya buɗe ƙafafu, ya baje hannuwa, ya ware yatsu goma cif, ba tumbi, ba sanƙo, ba komai a hannunsa. Me yake sana'a? Ai tambayar cewa ta yi a wurin aiki. Ni ban taɓa ganin mutum ya tsaya haka ba sai wanda ake caje wa aljihu. Mu a tamu sana'ar ƙofa ake aunawa sannan a yanka ƙyaure, ba a yanka ƙyaure a zo a ce ginin ne ya yi kuskure. Amma mu ba mu yi karatu mai zurfi ba, wataƙila a can sama an canza tsarin ba a sanar da mu ba.

Na biyu da rabi. Ka yi haƙuri, haka nake lissafi. An rage mata maki wai ta yi mini gemu ruwan ɗorawa, alhali gemun mutumin leda baƙi ne. Ina gayyatarka shagona da la'asar ka ga gemun bayan na wuni a gaban inji. An kuma ba ta sifili a tsabtar aiki saboda ta shafa gam a ƙasan takardar ta barbaɗa garin katako na gaske, wanda ta cika aljihu da shi daga shago. Na ji sufeto ya yi atishawa uku a jere da ya buɗe. A miƙa masa ban-haƙurina, mu haka muke yi kullum.

Na uku, kuma nan ne na yi dariyar da har yau haƙarƙarina ke ciwo. Makaranta ta kira iyaye mu zo mu ga zane-zanen da suka yi fice. Muka sa kayanmu masu kyau muka je. An jera zane talatin da ɗaya a bango, kowanne da goma bisa goma. Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ne! Tsayi ɗaya, gemu ɗaya, ya baje hannuwa sau talatin da ɗaya. Mu iyaye maza muka tsaya cirko-cirko muna kallon juna. Akwai wani direba gajere mai ƙiba, wanda sai ya ja numfashi yake shiga bayan sitiyari. Ya bi bangon nan daga farko har ƙarshe yana neman kansa, sai sunan ɗansa ya gani a ƙarƙashin wani dogo siriri. Mai askin unguwarmu, wanda rabon kansa da gashi tun yana saurayi, ya ga an cika masa kai da suma har goshi. Shi ne ya yi gyaran murya ya ce lallai wannan mutumin ya yi ƙoƙari, 'ya'ya talatin da ɗaya a aji guda, kuma duk sa'o'in juna. Matan suka fashe da dariya, wata har da zama a ƙasa, hedimasta yana ta buga teburi ba mai jin sa.

Daga baya na ji asirin. Malamai sun tsorata kada makarantarsu ta zo ta ƙarshe a jerinku, sai suka kwafi mutumin leda a allo, mako biyu yara na bin sa layi-layi. Ban ga laifinsu ba, kowa tasa ta fisshe shi. Tawa ma tana ajin, ta kwafe shi tsaf a littafinta. Amma ranar jarrabawa da aka ce ta zana mahaifinta, da yake ta gado taurin kan uwarta, sai ta amsa tambayar da aka yi mata. To ina roƙo, in kuna da adireshin uban yaran nan ku ba mu. Ya fito ya riƙa raka su makaranta, ya zauna taron iyaye na awa uku a kan bencin yara, mu ma mu huta.

Na huɗu. Da na ji sufeto ya dawo don shirya maimaicin jarrabawa, sai na ce gani ya kori ji. Na wanke hannun da sabulu, na ɗauke shi na kai ofishin hedimasta, na shimfiɗa shi a teburi kusa da zanen. Malama ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Sufeto, Allah ya saka masa, bai yi mini wulaƙanci ba. Ya gyara tabarau, ya ƙirga yatsun zanen da bakin biro, ya ƙirga nawa, ya sake ƙirgawa. Lissafi ya fito daidai har rabin. Na ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Sai ya ce, “Malam, ai mu zane muke aunawa, ba uba ba.” Ya juya fom ɗin gaba da baya ya nuna mini ba gurbin da za a rubuta irin wannan. Ya ba da shawara a karo na gaba ta zana ni na sa hannun a aljihu. Na ce kafinta a wurin aiki da hannu a aljihu, wa zai riƙe ƙusar? Malama ta tuna masa cewa in hannu ya ɓuya, makin hannu biyu ya tafi. Ya kalli silin, ya ce wannan sai an kai sama. Saman kuwa kai ne, ranka ya daɗe. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kai daga benenka ka hango goma, ita da take cin abinci kwano ɗaya da hannun ta kasa gani.

Kwana tara aka ba yaran kafin maimaici. A kwana taran nan fensirina ya wuni a bayan kunnena ba wanda ya zare shi. Na ajiye shi a kan benci da gangan, na kawo guntun katako mai santsi na ajiye kusa, na yi kamar na manta. Ta wuce ko kallo ba ta yi ba. Bangon ɗakin girkinmu bai taɓa yin tsabta haka ba, uwarta kuma da take faɗa kullum a kan bangon sai ga ta tana tsayawa tana kallonsa. Ana gobe jarrabawa yarinyar ta ce uwar ta shimfiɗa mata hannu a tabarma, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

Ranar Litinin ta zana, jiya sakamako ya fito. Goma bisa goma! An rubuta da babban baƙi cewa ta sami gagarumin ci gaba. Ina taya ofishinka murna, yarinya ta ci gaba a zane cikin kwana tara ba tare da ta zana ko kaza ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na buga zanen da ƙusa a ƙofar shago, layin namu kowa ya zo kallo. Kai, ka ga kyau! Gemu baƙi wuluk, ciki a shafe, yatsu goma a ware. Mai gyaran fanka ya ce in faɗa masa maganin da na sha. Wata mai sayen kujera ta tambaya ko shi ne mai shagon, ni yaronsa ne. Na ce ƙwarai, ya fita ne, yanzu zai dawo. Mun sha dariya har aka tashi.

Yau da safe na raka ta makaranta. Tun da ta fara tafiya, hannuna na hagu take riƙewa, ta damƙe rabin yatsan nan, domin shi ne daidai tafin hannunta. Yau muna fita sai ta zagaya ta bayana ta kama na dama. Da muka isa bakin ƙofar makaranta ta tsaya, ta leƙa ta kalli na hagun, ta ɗago kai ta ce, “Baba, to kai ne ba daidai ba?”

Ranka ya daɗe, ni mutum ne da bakinsa ba ya mutuwa. Na sha shawo kan wanda ya zo karɓar gado ya tarar ko katakon ban yanka ba. Amma yau sai kawai na yi 'yar dariya, na ce ta shiga an kaɗa ƙararrawa. Na dawo shago na zauna, wallahi raina a ɓace, ko ƙusa ɗaya ban buga ba. Ranar da inji ya cinye yatsun nan ban yi kuka ba, yau kuwa saura kaɗan.

Don haka ga zaɓi biyu na ajiye a gaban girmanka. Ko dai a aiko mini da yatsuna biyu da rabi kafin a tashi makaranta ranar Juma'a, ko kuwa a soke jan biron farko, a rubuta wa yarinyar nan layi ɗaya cewa ta ƙirga daidai. In za a rubuta, don girman Allah a buga hatimi. Na so in faɗa mata da bakina, amma yanzu ba maganata take yarda da ita ba, ta hatiminku ce.

Allah ya ƙara wa biro tawada, ya kare leda daga yagewa, ya bar mana kai a bisa kujera.

Naka mai biyayya, durƙushe, da duk abin da ya rage na hannuwa biyu,

Bakwai-da-Rabi, kafinta,
mahaifin 'Yar Fensir ta aji ɗaya.